Ɗana Ba Duba Yake Yi Ba

Bana shekara bakwai ke nan da rasuwar ɗana. Bazara ce irin wadda ruwan randa kan ɗumame tun da hantsi, ga sanƙarau ya shigo Gumel yana ɗaukar yara da manya. Ba a daɗe da yanka mana sabuwar jiha ba, kowa yana zancen neman aiki a Dutse, mu kuwa muna zaman makoki. Ba zan rubuta sunansa ba, ɗan fari ne. Ban taɓa kiransa da baki ba, hannun ma bai saba ba.

Lissafi ya karanta a jami'a, har ya fara koyarwa a can. In ya zo hutu, sai ya shimfiɗa tabarma a gindin darbejiyar tsakar gida ya yi ta rubutu. Lokacin na fara zuwa ajin yaƙi da jahilci, inda malamarmu ta ce haruffa na karatu ne, lambobi na ƙirga. A takardun yaron nan kuwa sai na ga haruffa da 'yan lambobi a ɗore a kafaɗarsu, ana tarawa ana debewa. Wuri ɗaya na san ana gwama harafi da lamba haka, hatimin malaman duba.

Ba ni kaɗai na gani ba. Magana ta fita har ta kai Gagarawa. Wata rana sai ga ƙawata Tabawa daga can, da goro da zakara, wai a duba mata ɗanta direba da ya ƙetara Maigatari da kaya, shiru bai dawo ba. Yaron nan ya ɗauka wasa take, ya yi dariya ya raka ta tasha da zakaranta. Ba a jima ba direban ya dawo lafiya, ashe mota ce ta lalace masa a Damagaram. Daga nan kuma babu mai iya cire wa mutane daga rai cewa ɗana yana duba.

Abin ya hana ni sukuni, don tsoron lahirarsa nake. Ga shi ba a tsare ɗan fari da tambaya. Sai ran nan ina tsintar wake kusa da shi na ce, kamar da iska nake, “Wai abin da ake rubutawa a gindin bishiyar nan, ana sallah da shi kuwa?”

Ya ajiye biro ya ce, “Inna, miƙo waken nan.”

Ya ce harafin da nake gani, x, lamba ce da ba a faɗi ko nawa ba ce. In aka ninka ta da kanta sai a ɗora mata ƙaramin biyu, in aka ƙara ninkawa a ɗora uku. Duk abin da za a iya haɗawa da ita da sauran lambobi babban gida ne guda, masu ilimin suna ce masa zobe, ko da yake babu ruwansa da na yatsa. Shi aikinsa neman sassan da ke cikin gidan, waɗanda in ka ɗauki biyu daga cikinsu ka tara, ko ka debe, ko ka ninka, amsar ba ta fita daga sashen.

Sai ya kasa waken bibbiyu da uku-uku a madadin ƙananan lambobin, ya ce in aka ninka, ƙananan lambobin nan haɗuwa suke yi. “Haɗa min biyar, ba tare da kin fasa kashi ba.” Na haɗa. Bakwai ma na haɗa, takwas ma. Ya ce, “To haɗa ɗaya.” Na juya na juya, na ce ba za ta yiwu ba. Ya ce, “Shi ke nan, Inna, kin ga sashe guda. In aka fara da mai biyu da mai uku, kowa zai samu shiga, ban da x ita kaɗai.” Na ce to wa wannan yake gaya wa gobensa? Ya ce, “Ko jibin kansa bai sani ba.”

Yaron nan bai kai daminar shekarar ba. Na gode wa Allah da ya ba ni bakin tambaya kafin nan, na kuma gode wa yaron da bai ce Inna ba za ta gane ba. Da na binne shi da zargi a raina, ban san yadda zan yi da shekarun nan ba.

Nakan ce da yana nan me zai ce da yau, jami'a a rufe ana yajin aiki, layin mai har bakin kasuwa. Ina jin tabarmarsa kawai zai shimfiɗa. Abin da zai ba shi dariya shi ne Innarsa tana rubuta wa jarida. Bai bar gida ba, bai bar mota ba. Ya bar ɗalibai da har yanzu sukan tsaya su gaishe ni, ya bar ni da natsuwa. Amma ni kaɗai na natsu, don uwa ba ta tsayawa cikin mata tana wanke ɗanta na fari.

Makon jiya a wurin wani suna na ji Tabawa tana ce wa mata, “Allah ya jiƙan malamin Gumel, da yana raye da tuni ya duba mana ɓarawon awakin nan.” Suka ce amin. Na tashi na dawo gida.

Washegari na shiga motar Gagarawa. Na same ta tana ɓarar gyaɗa, muka gaisa, na zauna na jawo faifan gabana, na fara kasawa bibbiyu da uku-uku. Ta ce, “Ke kuma yau rabon me ake?” Na ce, “Matso, Tabawa. Aikin ɗana zan nuna miki.”