Tazarar da ke Tsakanin Loma da Baki

Ban san gwiwar hannu tana da wani aiki ba sai ranar da akuya ta tsallaka gaban babur ɗina a hanyar Dingyaɗi. Ita ta wuce lafiya, har da waiwaye. Ni kuwa na sauka a kan gwiwar hannun dama, na ji wani abu ya tsarga har ƙaramin yatsa kamar na taɓa wayar lantarki.

Maɗorin da aka kai ni wurinsa a Sifawa tsoho ne mai son bayani. Yana jan hannuna ina salati, shi kuma yana karantar da ni cewa ƙashi uku ne suka haɗu a nan, ɗaya daga dantse, biyu daga ƙasa, kuma ɗayan biyun ne yake mirginawa kan ɗan'uwansa idan mutum ya juya tafi zai karɓi abu. Ya jera karare ya ɗaure. Ya ce in an kwance in riƙa motsa ta kullum, don gwiwa ba ta son hutu. Na ji tsoron zafi, na bar ta ta huta. Da na tashi neman ta, sai ta ƙi lanƙwasuwa yadda ta saba. In na ɗebo loma, sai ta taho tiryan-tiryan, saura kamar yatsa huɗu ta isa baki ta tsaya cak.

A ƙofar gidanmu a Boɗinga ciyayya muke yi. Bayan magariba kowane magidanci ya fito da kwanonsa, a jera a tabarma, a ci tare, ƙanen mahaifina da muke ce wa Baffa yana zaune a tsakiya. Ba a cin abinci da hagu a gabansa, cokali kuwa ga tuwon gero abin dariyar shekara ne. Kuma a cikinmu akwai taubashina, tela a kasuwar Shagari, wanda bakinsa ya fi almakashinsa kaifi. Kunya ta kama ni sosai. Ranar farko na aika cewa ina azumin nafila, na manta cewa bayan an sha ruwa ake fitowa da kwanon. Taubashin nan ya aiko a tambaye ni ko a wace ƙasa nake azumin, tunda rana ta faɗi a Boɗinga.

Sati biyu ina ci a ɗaki ni kaɗai, ina jiyo dariyarsu ta katanga. Tuwon ma ya daina yi mini daɗi. Sai Baffa ya aiko cewa in ban fito ba, shi zai shigo da tabarmar.

Na fito na zauna. Na yanko loma, na dangwala a miyar kuka, ta taho ta tsaya inda ta saba tsayawa. Babu yadda zan yi, na miƙa wuya na sunkuya na cafke ta kamar kaza a kan tsaba. Na ga kafaɗun taubashina sun fara rawa.

Baffa bai dube ni ba. Ya yanko tasa lomar, ya tsayar da hannu a nesa, ya sunkuyar da furfurarsa ya same ta a can.

"Ko loma ta taho wurin baki, ko baki shi tahi wurin loma, duk wuri guda za su," in ji shi. "Ku ci tuwo."

Duk tabarmar aka sunkuya, har telan. Haka aka yi ta ci kusan wata uku, baƙi suna zuwa suna kallonmu suna rasa abin tambaya, har gwiwar ta saki da shafa man shanu da ɗaukar bokitin ruwa.

Baffa ya rasu shekarun baya. Hannuna yanzu yana kai loma har inda ake so. Amma duk ranar da muka haɗu da taubashina a kwano ɗaya, sai ya ƙyafta mini ido ya sunkuya wa lomar farko. A da, tsokana kawai yake nufi. Ni ma sai in sunkuya, mu ɗan daɗe a haka ba mai duban wani.