Gwiwa Biyu a Kan Katifa

Shekarar da ta biyo bayan ambaliyar da ta cinye shinkafar fadama, ita ce shekarar da wata 'yar ƙasar nan ta ciyo lambar azurfa a kokawa can Japan. Da haka nake gane ta. A cikinta ne kuma na shiga ajin yaƙi da jahilci a Kalgo, da furfura a gemuna, ina koyon riƙe biro bayan na tashi daga gyaran injinan ban ruwa.

Malaminmu ɗalibi ne a jami'ar bakin gari. Na girme shi nesa ba kusa ba, yana ce mini Baba, ina ce masa Malam. In an tashi aji sai mu gangara teburin mai shayi, ya jingina wayarsa da gwangwanin madara ya kunna mana kokawa. Da wasan matar nan ya fara, daga nan ya kawo na maza: na ƙasashen duniya, da na yaran jami'o'in Amurka da yake mutuwar so. Mai shayi ya zaɓi mutanen Iran saboda faɗin ƙirjinsu, in an kayar da nasa har sukari yake rage mana. Ni ina son na Japan, don ba su da gaggawa. A kusurwar wayar nan ma na saba da karanta lambobi da sauri, ina bin maki. Mai faci kuwa, da rumfarsa ke kallon teburin, ba ya son kowa.

“Malam, wanga mi ya kai shi ƙasa? Ya faɗi, a tashe su,” in ji mai faci.

“Bai faɗi ba. Ƙafa yake nema.”

“Da gwiwa? In roƙo yake ya faɗa muna, mu haɗa mishi na koko.”

A nan gardamar take kullum. A filayenmu, in gwiwarka ko hannunka ya taɓa ƙasa, kaye ne. Ganga ta tashi, an gama. A tasu kuwa mutum da kansa yake zubewa a kan gwiwa ya kamo ƙafafun abokin karawa, ba a tashi sai an danne kafaɗu biyu, ko maki ya yi nisa, ko lokaci ya cika.

Ina da ƙane a Gwandu, uwa ɗaya uba ɗaya. Gero yake nomawa da damina, albasa da rani, in kaka ta yi kuma ya ɗaura bante. Tun da ya fara shiga fili ba a taɓa kayar da shi ba. Makaɗinsa, wani dattijo daga Kambaza, ya yi masa take na kansa, wanda ma'anarsa ita ce ƙasa ba ta san bayansa ba. Ya riga ya yi wa Innarmu alkawari cewa daga kakar shekarar zai ajiye. Saura 'yan wasanni kaɗan ya fita da sunansa a tsaye, sunan da 'ya'yansa za su gada.

Wata rana mai faci ya ce ƙanena zai naɗe duk 'yan kokawar wayar nan masu matsattsun kaya kamar tabarma. Malam ya amsa a hankali cewa duk wanda bai san dokar ba yana iya faɗuwa a kan katifa, ko shi wane ne, kuma akwai ɗalibai masu yin irinta a nan cikin gari. Abin da ya faɗa ke nan, ina wurin. Ranar kasuwa mai faci ya je Gwandu, kafin maganar ta isa kunnen ƙanena ta zama wai yaran boko sun ce kokawarmu rawa ce.

Ya kira ni da safe ina kwance injin wani.

“Yaya, ka ji abin da suka ce, kuma kana zaune?”

“Ba wanda ya ce haka.”

“Gari duk ya ɗauka. Ka gaya musu ina tafe.”

Na rufe rumfa na hau mota. Na same shi a fadama yana shayar da irin albasa. Na yi masa magana da girmana, na yi da lallashi, na tuna masa alkawarin Inna. Ya ce in ya ƙi zuwa, gobe a fili wani zai ce ya ji tsoron masu biro, wannan kuma da kaye duk ɗaya ne. Na dubi fuskarsa na san ba zai sauka ba. Sai na ce to, ya bari in koya masa abin da na gani.

Muka shige bayan gonar rake inda ba mai ganinmu. Na nuna masa a waya, na sake nuna masa, ya ce ya gane. Na tuɓe riga na zube a kan gwiwa na kamo ƙafarsa. Nan take hannunsa ya saki kafaɗata.

“Yaya, tashi don Allah, kada wani ya gan ka durƙushe gabana.”

“Ba yayanka ba ne yanzu. Me na ce ka yi?”

“In ja ƙafafu baya, in danne ka da ƙirji.”

“To me ya sa ka saki?”

Ya kalli tafin hannunsa. “Shi ya saki da kansa.”

Abin da ya tsorata ni ke nan. Kunnensa ya ji doka, amma jikinsa tun yana saurayi ya san abu ɗaya: gwiwa ta taɓa ƙasa, a saki a ɗaga hannu. Na riƙa zuwa duk ranar da ba aji. Ina zubewa, yana saki, ina tashi ina sake zubewa, har gwiwoyina suka saɓule, na koma yin salla a zaune. Haƙuri ba ya yi mini wuya, wanda ke gyaran tsohon inji ya saba. A hankali ya fara dannewa. Ranar ƙarshe ya danne ni har na ci laka, ya yi dariya, ni ma na yi.

Aka sa rana, wata Asabar bayan la'asar. Wurin tsakar wani gidan haya ne da ɗaliban ke motsa jiki, sun jera siraran katifu sun lulluɓe da tamfol, bayan katifun kuma siminti ne. Mutanen Gwandu suka zo a kan babura, da makaɗin a tsakiya rungume da gangarsa. Mai shayi ya bar teburinsa. Mai faci ya samu wuri a gaba, yana ta rantsuwa.

Abokin karawar ɗalibi ne daga kudu, gajere, mai kaurin wuya, kunnuwansa sun dunƙule kamar ƙosai. Ya zo ya gaishe ni da hannu biyu, ya gaida ƙanena da Hausarsa mai tsami. Da ya yi rashin kunya da na fi samun sauƙi.

Malam ne alƙali, da usur a wuya. Ya maimaita dokar da ƙarfi yadda kowa zai ji, amma surutu ya yi yawa. Sannan ya dubi damtsen ƙanena.

“Sai an cire waɗannan. Za su iya yankar mutum.”

Wani daga cikin mutanenmu ya ce ba a raba ɗan kokawa da layunsa. Ƙanena ya daɗe yana kallon Malam, sannan ya kwance su ɗaya bayan ɗaya ya zuba mini a hannu. Suna da ɗumin jikinsa.

“Riƙe mini, Yaya. Ba daɗewa zan yi ba.”

Usur ya tashi. Suka sunkuya suna zagaya juna. Ƙanena ya samu wuyan yaron ya girgiza shi, ya tura shi har wajen katifa, Malam ya ɗaga yatsa ɗaya, maki ɗaya ke nan. Mutanenmu suka yi ihu ba tare da sanin me yatsan ke nufi ba. Aka dawo tsakiya. Sai na ga yaron ya saukar da kafaɗa, na san abin da ke zuwa, na gan shi a waya ba iyaka. Ya zube a kan gwiwa ɗaya ya miƙa hannu.

“Danne!” na ce, ban san muryata ta kai haka ba.

Ƙanena ya watsa ƙafafunsa baya ya sauke masa ƙirji a gadon baya. Yaron ya sulale da ƙyar ya miƙe. Mai faci yana ihu wai an yi kaye an hana, wasu suna biye masa, Malam yana girgiza kai yana nuna a ci gaba. Na hangi makaɗin ya ɗaga sandar kiɗansa sama ya tsaya, yana duban fuskokin mutane, bai gane me ya sa ba a tashi ba.

Suka sake haɗuwa. Gumi ya jiƙa tamfol. Yaron ya yi kamar zai kama wuya, sai ya nutse gaba ɗaya, gwiwa biyu a kan katifa, ƙararsu kowa ya ji. Ƙanena ya fara jan ƙafa baya yadda muka yi a bayan rake. Na gani da idona, ya fara.

Sai ganga ta tashi.

Dattijon ya ga gwiwa biyu a ƙasa, hannunsa ya yi abin da ya saba yi tun kafin a haifi yaron. Taken ƙanena ya cika gidan, mutanen Gwandu suka miƙe da ihu. Ina kiran sunansa, amma ko ni ban ji kaina ba. Ƙanena ya saki. Ya miƙe tsaye ya ɗaga hannu biyu sama, fuskarsa a buɗe, yana juyowa wajen gangar.

Yaron kuwa kansa na sunkuye, bai ga komai ba, kuma usur bai tashi ba. Ya rungume cinyoyin biyu ya miƙe da shi, ya yi gaba. Sun riga sun kai bakin katifa. Kowane mutum in zai faɗi hannu yake tokarawa. Ƙanena bai taɓa yarda hannunsa ya taɓa ƙasa a fili ba, ranar ma bai yarda ba. Ya murɗa jiki a sama, ya sauka da kafaɗar dama a kan siminti, sannan bayansa ya kwanta.

Na ji ƙarar, kamar an taka busasshen kara. Gangar ta ƙara bugu biyu kafin ta mutu.

Sai rikici. Mutanenmu suka yi kan yaron suna cewa ya ci amana bayan an gama. Malam ya shiga tsakani da hannu a buɗe, wani ya fizge usur ɗin daga wuyansa. Mai faci, wanda ya haɗa komai, shi ne mai neman dutse. Yaron yana durƙushe gefen ƙanena yana ta ba da haƙuri. Na tsaya a gaban yaron da layun a hannuna.

Ƙanena ne ya yi magana daga kwance, haƙoransa a dantse.

“Ku ƙyale shi. An faɗi doka ina ji. Ya kayar da ni.”

Ba wanda ya ƙara motsi. Makaɗin ya zauna a kan simintin ya kifa gangar a cinyarsa, yana kallon hannunsa kamar yadda ƙanena ya kalli nasa a fadama.

Muka kai shi asibiti a motar wani ɗalibi, aka ce ƙashin da ke tsakanin wuya da kafaɗa ya karye, kafaɗa ta goce. Daga baya Inna ta sa aka kira maɗori. Ba ta yi mini faɗa ba, ba ta yi masa ba. Ta karɓi layun daga hannuna ta sa a ƙasan adakarta. Yaron ya je gaishe shi har Gwandu, suka zauna a zaure ba mai jin yaren wani sosai, ƙanena ya sa aka ba shi rake.

Na ci gaba da zuwa aji, Malam ya ci gaba da koyarwa har ya gama karatunsa ya tafi. Amma bai ƙara jingina waya da gwangwanin madara ba, mu ma ba mu tambaya ba.

Ga abin da ranar nan ta tafi da shi. Albasar rani ta shekarar, irin ya bushe a fadama ba mai dasawa. Wasannin kaka da suka rage, bai shiga ko ɗaya ba. Hannun dama, wanda har yau ba ya wuce kafaɗa, in zai ɗora buhu sai an taya shi. Gaisuwa tsakanina da mai faci. Zaman teburin shayi. Da take ɗaya, wanda makaɗin bai ƙara bugawa ba har Allah ya karɓi ransa.