Daminar da Karon Malam Ya Kwana Waje

Mai gidana, Allah shi jiƙanshi, ya bar mana karo, wato amalanken da jaki ke ja. Shuɗi ne. Daga ƙauyenmu har kasuwar Suki, in anka hango shuɗin karo tafe, an san na Malam ne, mata su fito da buhunan dawarsu su tsaya bakin hanya. Bai taɓa barin shi ya kwana cikin ruwa ba. Hadari na haɗuwa zai tura shi ƙarƙashin rumfa, ko da shi kanshi zai jiƙe.

Bayan rasuwarshi katakan gefe sunka ruɓe. Babban ɗana, wanda ba na kama sunanshi, ya kai karon wurin mai walda anka sa mishi gefuna na zinki, farin ƙarfen nan mai ƙyalli. Karon ya dawo yana walƙiya awa sabon faranti. Na ce wanga ba karon Malam ba ne. Na aika anka sawo fenti, na shafa da hannuna.

Ba a jima ba fentin ya fara tashi. In ka ja da farce sai ya biyo ka awa ɓawon albasa. Na kankare na sake, ya sake tashi.

Ɗana ya ce, "Inna, ƙarfen ga ya ƙi ki. Mu sayar, in haɗa in sawo raksha, babur ɗin nan mai taya uku. Wa ke bin jaki yanzu?"

Na ce, "Wanda jaki ya ciyar har ya yi gemu."

Ya yi dariya, amma na ga da gaske yake. Munka yanke magana: in har anka gama yankan riɗi fenti bai zauna ba, ya sayar.

Na hau mota na tafi Suki da kaina. Mai waldar ya ce, "Hajja, zinki ba ya tsatsa. Ba ya buƙatar fenti."

Na ce, "Ni ke buƙata, ɗan nan. Faɗa mini yadda ake yi."

Ya ce sabon zinki santsi gare shi, fenti ba ya samun wurin kamawa. Sai an bar shi waje, rana ta duke shi, ruwa ya duke shi, har ƙyallin ya mutu ya koma ruwan toka. Sa'an nan a wanke da ruwan tsami na kwalba, a ɗauraye, ya bushe, a shafa wani fentin ƙasa da ake yi domin zinki, kafin a ɗora shuɗin.

Damina ta zo. Mu nan in ruwa ya sauka baƙar laka ke riƙe taya, kowane karo sai ya shiga rumfa ya huta. Ni kuwa na jawo namu tsakiyar fili, inda duk mai wucewa zai gani ta saman dangarmu. Ruwan farko da ya zuba a kanshi, ina ɗaki ina jin ƙararshi bisa ƙarfen.

Magana ta tashi. Ƙanwar Malam ta taho har gida, ko zama ba ta yi ba.

"Yaya, abin da ɗan'uwana ya raina awa ɗa, shi kika jefar ruwa na ci?"

Na ce, "Magani yake sha."

"Magani! To Allah shi ba karo lafiya, ke kuma shi ba ki hankali."

Matar ɗana ma, don tausayi, ta riƙa lulluɓa mishi tabarma in na shiga salla. In na fito in yaye. Ta sake, na sake yayewa, har na ce mata in na ƙara ganin tabarmar ga, da ita zan hura wuta.

Da riɗi ya nuna, ƙyallin ya mutu sarai. Na wanke shi da ruwan tsami har hannuwana sunka yi zafi, na ɗauraye, na bar shi ya sha rana. Na shafa fentin ƙasa, na jira. Sa'an nan shuɗin, a hankali, saƙo-saƙo, ban bar kowa ya taɓa mini ba.

Ranar da anka ɗaure damin ƙarshe, ɗana ya taho ya tsuguna. Ya sa farce, shiru. Ya zaro makulli daga aljihu ya karta. Zane kawai ya bari, siriri, fenti bai ɗaga ba.

Na ce, "Ka ɓata mini aiki, kai za ka cike wurin."

Ya miƙe yana kakkaɓe gwiwa. "Inna, ina kayan jakin?"

"Bayan ƙofa. Ka fara da riɗin gwaggonka, tana can gona tana jira."