Ranar da Dillalin Tattasai Ya Shiga Ajina

Cikin duk shekarun da na yi ina koyarwa, akwai safiya guda da ban taɓa mantawa da ita ba. Shugaban makarantarmu ya aiko a kira ni ofis, na tarar da wani dattijo zaune, rigarsa na ƙanshin tattasai, yana jiran ya ga malamin da ya zage shi. Ni ne malamin. Ku da kuka shigo aikin nan kwanan nan, ku saurara, don abin da ya same ni zai iya samun kowane ɗayanku.

A lokacin ina shekarata ta uku a Diffa, ina ɗan kwantaragi, wato ban shiga sahun cikakkun ma'aikatan gwamnati ba tukuna. Darasina shi ne farkon ilimin kasuwanci, ga ajin farko na lise, wato babbar sakandare, yaran da suka fito daga koleji. A nan ake koya musu mene ne kamfani, mece ce kasuwa, da yadda kaya ke barin hannun mai yi har ya kai hannun mai amfani. Ni mutumin Mirya ne, ɗan malamin makaranta. Kasuwanci a littafi na karanta shi, kuma na karanta shi da kyau. Ban taɓa shakkar kaina a gaban allo ba.

Bayan hutun zangon farko, lokacin da jan tattasai ke shanye a kan yashi ko'ina a bakin kogin Kumadugu, muka iso babin hanyoyin rarraba kaya. Littafin ya ba da misali da masana'antar madara a wata ƙasa da yaran ba su taɓa gani ba. Na ga ana ta hamma, sai na ce bari in kawo abin gida. Na rubuta manomin tattasai a allo, na ja kibiya zuwa dillali, daga nan zuwa babban ɗan kasuwa, zuwa mai sayarwa a mudu, zuwa mai miya. Nan take aji ya farka. Da na ga haka sai baki ya ɗauke ni. Na ce manomi ya share watanni yana ban ruwa, yana tsinka, yana shanya, shi kuwa dillali yana zaune a inuwa yana jiran rabonsa. Na ƙara da cewa, "Kamar kaska yake a jikin saniya. In aka cire shi, kowa ya huta."

Aji ya fashe da dariya. Na fita ina jin na yi darasi mai kyau.

Abin da ban sani ba shi ne, Falmata, ɗalibar da ta fi kowa ƙwazo a ajin, ƴar dillali ce. Mahaifinta, Alhaji Modu, ya daɗe a kasuwar tattasai. Wani ɗan ajin mai suna Bukar, ɗan manomi daga wani ƙauye na bakin kogi, shi ya fara kiran ta "ƴar kaska" lokacin hutun tara, sauran suka ɗauka. Washegari ba ta zo ba. Ƙa'idar makarantarmu ita ce, in ɗalibi ya yi kwana uku bai zo ba kuma ba a kawo dalili ba, mai kula da ɗalibai yakan rubuta takardar kiran iyaye. Takardar ce ta kawo Alhaji Modu.

Shugaban makaranta ya nuna mini kujera. Dattijon ya gaishe ni a natse, da Hausarsa mai karin Kanuri, har ya tambayi iyalina. Sannan ya kira ni yadda ake kiran malamin boko, ya ce, "Mushe, ƴata ta ce kai ka faɗa musu aikina irin na kaska ne. Haka aka yi?"

Na ce, "Alhaji, ba da kai nake ba. Misali ne kawai na darasi."

Ya ce, "To da wa kake? Dillali nawa ka sani?"

Ban san ko ɗaya ba.

Na ba shi haƙuri. Ya girgiza kai ya ce, "Ni ba ka rage ni da komai ba, gobe ma zan fita kasuwa. Yarinyar ka kunyata. A gaban aji ka faɗa, a gaban aji za ka gyara. Amma kafin nan ka zo ka ga abin da za ka gyara."

Bayan ya tafi, shugaban ya rufe ƙofa ya ce, "Malam Sani, ka san sufeton ilimi na tafe cikin makon nan ko na gaba, kuma ba ya faɗin rana. Rahotonsa ne zai shiga takardunka na neman zama cikakken ma'aikaci. Ba na son ya zo ya tarar da ƙarar iyaye a kanka. Ka kashe maganar nan."

Ranar kasuwa ba ni da darasi, sai na je tun da safe. Tun daga bakin rumfuna atishawa ta kama ni, idanuna na ta zubar da ruwa, masu ɗaukar buhu na yi mini dariya. Alhaji Modu ya shimfiɗa mini tabarma, amma shi bai zauna ba sai da aka kira azahar. Na ga yana zura hannu har gwiwar hannu cikin buhu, ya zaro na tsakiya, ya matsa, ya sunsuna. Na ga ya mayar da buhu biyu na wani manomi, ya ce ya ƙara musu rana uku a shanya, manomin na gunaguni. Ya yi magana da manoma da Kanuri, da wani baƙo daga Maraɗi da Hausa, da direban babbar mota da guntun Faransanci. Wata tsohuwa ƴar gudun hijira ta kawo rabin buhu, ba babban mai sayen da zai kula ta, sai ya haɗa nata da na wasu mutum huɗu ya zama kaya guda. Wanda bai samu mai saye ba a ranar, ya sa aka kai kayansa ma'ajiyarsa. Wayarsa kuwa ba ta huta ba.

Da yamma na ce masa, "Alhaji, ni ba zan iya gyara maganar nan ni kaɗai ba. Ka zo ka yi musu darasin da kanka."

Ya yi dariya ya ce, "Ni da ban taɓa zama bencin lakwal ba?" Daga baya ya yarda, da sharaɗin Falmata za ta dawo a ranar.

Na sanar da shugaban makaranta da baki, ya ce ba laifi. Muka sa ranar Alhamis, ƙarfe goma. Ƙarfe goma saura kwata sai ga motar sufeto ta shigo. Shugaban ya tare ni a baranda, muryarsa ƙasa ƙasa: "Ajinka zai fara shiga. Ka sallami tsohon, ka yi darasinka na littafi, ya dawo wani mako."

Na waiwaya. Alhaji Modu na tsaye a inuwar dalbejiya da ƙore uku a rufe da faifai, Falmata na bayansa da jakarta, ta ƙi ɗaga kai. Na san in na mayar da su a ranar, ba za ta sake taka makarantar ba. Na ce, "Ranka ya daɗe, darasin da na shirya ke nan, shi zan yi."

Sufeton mutum ne mara yawan magana. Ya karɓi takardar shirin darasina, ya wuce bencin baya ya zauna.

Na tsaya na ce, "Makon jiya na faɗi magana a kan dillalai ba tare da na san aikinsu ba. Na yi kuskure, kuma kuskuren ya taɓa ɗaya daga cikinku. Falmata, ki yi haƙuri. Yau mahaifinta ne zai koyar da mu, har da ni." Na miƙa mata alli, na ce duk aikin da ta ji mahaifinta ya ambata, ta rubuta sunansa na littafi da Faransanci a allo.

Alhaji Modu ya jera ƙoren a kan teburina ya buɗe, kowace cike da tattasai. Ya ce, "Wane ne ɗan manomi a nan?" Hannuwa da yawa suka tashi. Ya nuna Bukar, ban sani ba ko ya san shi ne. "Zo ka zaɓa mini na kirki."

Bukar ya zo yana taƙama, ya ɗauki ƙwaryar da ta fi ja da sheƙi. Dattijon ya ɗauko tattasai ɗaya daga ciki, ya kaɗa a kunnen yaron. Shiru. Ya ɗauko daga wata ƙwaryar da ba ta kai ta kyau ba, ya kaɗa, aka ji ƴaƴan na ƙara har benci na uku. Ya ce, "Wanda ka zaɓa bai bushe ba. A ɗinke shi cikin buhu, a ɗora a mota, kafin ya kai Maraɗi tsakiyarsa ta yi fumfuna. In aka buɗe can aka ga haka, wayar wa za a kira? Mai sayen bai san mahaifinka ba. Ni ya sani. Sunana ne a kan buhun, ko da ba a rubuta ba."

Falmata na rubutu: tantance kaya, tara kaya, ajiya, neman mota, labarin kasuwa, tsayawa lamuni.

Sai Bukar, wanda bai koma wurinsa ba, ya ce, "Baba, in yi tambaya? Me ya sa in mahaifina ya kawo kaya, dillalin yakan ja mai saye gefe su yi magana, shi ba ya jin abin da aka tsayar?"

Na ga sufeto ya ɗaga kai daga rubutunsa.

Alhaji Modu bai ɓata rai ba. Ya ce, "Akwai masu yin haka, kuma ba daidai ba ne. Ka ce wa mahaifinka, dillalin da ya aike shi shan shayi lokacin ciniki, ya rabu da shi. Ya tsaya a yi a gabansa. Kai kuma da ka iya karatu, ka riƙa kiran wani a kasuwa kafin ya fito daga gida. In ma kun haɗu ku manoman ƙauyenku kun cika mota, za ku iya tsallake ni. Sai dai wani cikinku zai zura hannu a buhu, wani zai nemo direba, wani zai amsa waya in kaya ya lalace. Mutumin za ku iya cirewa. Aikin yana nan."

Wannan ita ce jimlar da babin gaba ɗaya ke son faɗa, kuma ni ban iya faɗinta ba.

An kaɗa ƙararrawa ba mu gama ba. Kafin yara su fita, sufeto ya miƙe ya zaɓi uku da kansa, ya yi musu tambaya da Faransanci a kan aikin mai shiga tsakani. Duk suka amsa. Na ukun Bukar ne, ya kawo ayyuka biyar cikin shida yana satar kallon allo. Da suka fito na ji yana ce wa Falmata ta ara masa littafinta ya kwafa.

A ofis sufeto ya karanto mini laifuffukana ɗaya bayan ɗaya. Na shigo da baƙo aji ba takardar izini a rubuce. Rabin darasin ya tafi da Hausa da Kanuri, alhali harshen koyarwa Faransanci ne. Na wuce lokaci. Yara ba su rubuta taƙaitawa a littattafansu ba. Na ce duka gaskiya ne. Ya ce, "Ka san ina nan, me ya hana ka ɗaga?"

Na ba shi labarin tun daga farko, ban ɓoye kalmar da na faɗa ba. Ya duba takardarsa. Sannan ya ce, "Abu huɗun nan za su shiga rahoto, don an yi su. Zan kuma rubuta cewa manufar darasi ta cika, tun da na gwada da kaina. Nan gaba ka nemi izini a rubuce, ka bar minti goma na taƙaitawa." Makin da ya ba ni ba shi ne mafi girma da na taɓa samu ba, amma ya isa, takarduna suka wuce. Falmata ta gama lise da mu, ta ci jarrabawar fita da ake kira bak, ta tafi jami'a karatun tafiyar da kamfani.

Tun daga shekarar, kafin na buɗe littafi a ranar farko, nakan raba ƴan takardu kowane ɗalibi ya rubuta sana'ar gidansu. Nakan samu masunta daga Bosso, masu kyafa kifi, makiyaya daga wajen Foulatari, mata masu tuya, masu canjin kuɗi a bakin iyaka, da waɗanda suka baro shagunansu a ƙetaren kogi suka faro daga tebur. Kafin kowane babi nakan duba takardun, in ga gidan wa zan shiga.

Darasinmu ba kamar lissafi ba ne, inda ba wanda ke da dangi cikin lambobi. Duk sana'ar da ka ambata a ajin nan, akwai wanda ita ta saya masa rigar da ke jikinsa. Ku riƙe littafinku da kyau, don shi ke ba abubuwa suna, kuma shi za a tambaya a jarrabawa. Amma kada ku yanke hukunci a kan aikin da ba ku taɓa wuni kusa da mai yin sa ba. Rabin abin da za ku koyar, iyayen yaran nan sun riga sun san shi da hannunsu. Ku je ku gaishe su, ku zauna, ku tambaya.