Ranar da Bindigar Kawu ta Fashe

Shekarar da garuruwan arewacin jiharmu suka faɗa hannun 'yan tada ƙayar baya, gidanmu na unguwar Luggere ya cika har baranda. Dangin Dada, mahaifiyata, sun taho daga ƙauye da abin da suka iya ɗauka a ka. Ni a lokacin ina aikin jinya a wani ƙaramin asibiti a Jimeta, in na dawo sai na yi ta tsallake tabarmi da yara kafin na kai ɗakina. Akwai tsoro a gari, ba na musu. Amma in ana zancen wannan lokaci, abin da ke fara zuwa mini shi ne dariyar da Kawu ya sa mu.

Kawu ƙanin Dada ne, maharbi tun tasowarsa, gajere mai faɗin ƙirji da gashin baki da yake murzawa in zai yi magana. Hausarsa irin ta mutanenmu ce, komai namiji ne a bakinsa, har matarsa. Da isowarsa ya shiga cikin maharban da suka haɗu don taimaka wa jami'an tsaro. Duk rayuwarsa bindigar toka ya sani, wadda maƙeri ya ƙera, ana ɗura mata albarushi ta baki. Sai ga shi wata rana ya shigo gida da wata iri daban, wadda aka damƙa masa aro da sanin hukuma. Wannan in ka ja kunamarta sau ɗaya ta harba, ita da kanta take jawo wani harsashin ta shirya.

Baba, mahaifina, tsohon soja ne, kuma yawancin aikinsa a ɗakin ajiyar makamai ya yi shi, yana dubawa yana gyarawa. Tsakaninsa da Kawu akwai wasan ƙanin mata da mijin ya, ba sa haɗuwa ba su tsokani juna ba. Baba ya miƙa hannu ya ce a ba shi ya duba. Kawu ya rungume abarsa kamar jaririya.

"Soja, wannan ba irin na zamaninku ba ne," in ji shi. "Shi ba ya ciwo, ba ya son boka."

Baba ya ce masa babu bindigar da ba ta ciwo, sai dai ita in ta yi tari, mai riƙe da ita ake kaiwa asibiti. Ya gaya masa ya riƙa leƙa cikin bututun kullum kafin ya harba, domin waɗannan na zamani ƙarfin da ke cikinsu ya ninka na bindigar toka nesa ba kusa ba, kuma in ƙarfin bai sami hanya ta gaba ba, zai nemi wata. Kawu ya nuna layun da ke damtsensa, ya ce waɗannan sun fi leƙe. Dada ta ce su biyun su tashi mata daga bakin murhu.

Ba a fagen daga abin ya faru ba, kuma wannan ne ya fi yi wa Kawu ciwo. Wata safiya bayan an kwana ana ruwa, aka kai su wani fili kusa da bakin kogin Binuwai don su gwada hannu. Wajen gangara santsi ya kwashe shi, ya dogara da bindigar kamar sanda, bakinta ya nutse cikin taɓo. Ya tashi, ya goge mata jiki tsaf da gefen rigarsa, ya shiga layi. Da aka zo kansa ya saita, ya ja kunama.

Waɗanda ke wurin sun ce ƙarar ba irin ta harbi ba ce, kamar an fasa tukunyar ƙarfe. Ina bakin aiki aka kawo shi a keke mai ƙafa uku, mutum biyu na riƙe da shi, fuskarsa baƙa ƙirin, an naɗe masa hannun hagu da rawani. Na ruga wurinsa. Na kwance rawanin na ƙirga yatsun, na same su cif. Tafin hannun ya tsage, akwai ƙananan ɓaraguzan ƙarfe a damtse, gira ta ƙone, rabin gashin bakin nan ya tafi. Idanu Allah Ya tsare. Ina ɗinki yana magana da ƙarfi, don kunnensa ya toshe, yana tambayata ko gashin baki na sake tsirowa a shekarunsa.

Da yamma, bayan an sallame shi, abokansa suka biyo da bindigar gida kafin su mayar da ita inda aka ba su. Bututun ya tsage daga baki ya buɗe kamar an ɓare ayaba. Kawu na kishingiɗe a zaure ya riga ya gama yanke hukunci: asiri ne, akwai wani maharbi da ya daɗe yana yi masa hassada. Baba ya jawo bindigar gabansa. Ya sa tabarau, ya ɗauki tsinken tsintsiya ya sakace cikin tsagin, ya karkaɗe abin da ya fito a tafin hannunsa, ya kai wa Kawu har gaban hanci.

"Ga mai hassadar taka," ya ce. "Sunansa taɓo. Gidansa bakin kogi."

Zauren ya kwashe da dariya. Kawu ya daɗe yana kallon busasshiyar lakar, sannan ya ce wa Dada, "Adda, mijinka ba shi da tausayi." Amma da aka watse na ga Baba ya koma ya zauna kusa da shi, yana riƙe da hannun nan mai bandeji, bai sake tsokanarsa ba ranar.

Washegari shugaban maharban ya zo da kansa ya roƙi Baba ya riƙa duba musu kayan aiki. Daga nan zaurenmu ya zama makaranta, kowace safiya bayan an sha koko. Ni ma aka ce na koya musu yadda ake tsayar da jini, don haka na ji karatun Baba har na haddace. Ba ya barin kowa ya leƙa bindiga sai an cire gidan harsashi, an buɗe ta, an tabbata babu komai ciki, sannan a ɗaga ta sama a duba ta baya. In ba ka ga haske ya ratso tas ba, ba ta harbuwa. Ya hana su cusa tsumma a bakinta don kare ruwa, ya ce wanda ya cusa shi ne ke mantawa. Ya zazzage aljihunansu, ya ware harsasan da suka yi tsatsa ko suka lotse, da waɗanda ba na bindigar ba ne amma an tura su sun shiga. Wani dattijo ya ce shi da man gyaɗa yake shafe tasa ciki da waje. Baba ya tambaye shi ko ƙosai zai soya, ya nuna masa yadda man ya daskare ya kama ƙasa, ya ce ɗan man inji kaɗan ya isa, cikin bututu kuwa a bar shi a bushe kafin harbi.

Abin da ya fi nanatawa shi ne sauti. Ya ce in ka harba ka ji ƙarar ta fito a raunane, kafaɗarka ba ta ji bugun da ta saba ba, to ka tsaya cak, wataƙila harsashin ya maƙale a hanya. Irin waɗannan bindigogi ba sa jiran shawara, na biyu zai bi bayan na farko, su haɗu a tsakiya.

Wata safiya wani dogon mutum daga unguwar Adarawo ya kawo tasa, yana cewa ba ta buƙatar dubawa, tun da aka ba shi tana rataye a bango ko ƙasa ba ta taɓa ba. Baba ya ɗaga ya leƙa, ya ga duhu. Ya zura sandar shara, sai ga gidan zanzaro ya faɗo, har da tsutsotsin da ta tara wa 'ya'yanta. Kawu, wanda ya zama mai tsawatarwa a ajin tun da ya ji sauƙi, ya yi dariya har sai da na ji tsoron ɗinkina. Ya ce shi dai ƙasa ya kai wa bindigarsa, wannan kuwa haya ya bayar.

Da hannun ya warke Kawu ya koma daji tare da sauran. Dada ta rage cin abinci, kullum kunnenta na kan waya. Bayan wani lokaci ya dawo, ya rame, ya yi baƙi, amma da ƙafafunsa. Ya zauna ya ci tuwo malmala biyu kafin ya ba mu labari. Ya ce wata rana ana cikin artabu bindigar wani saurayi da ke gefensa ta yi wani ɗan tari, saurayin na shirin sake ja, shi kuwa ya kai hannu ya danne ta ƙasa. Da suka sami sarari suka duba, harsashi na nan zaune a tsakiyar bututu. Baba ya cire hula ya shafa kansa, ya ce alhamdu lillahi, sannan ya tashi ya shiga ɗaki, ya daɗe bai fito ba.

Yanzu ƙura ta lafa a ƙauye, dangi sun koma, Kawu ya mayar da bindigar hukuma ya kama noman shinkafa. Saurayin nan ya yi aure, kuma da aka haifa masa ɗan fari, Kawu aka kira ya yi wa jaririn huɗuba. Baba idanunsa sun yi rauni, ba ya fita sosai. Duk ƙarshen kaka Kawu na zuwa Jimeta da buhun shinkafa a bayan mota, ya sauke a ƙofar gida, su zauna a zaure su biyu suna musu a kan wanda ya fi wani tsufa, har Dada ta aiko a ce musu abinci na hucewa.