Katunan Asibitin Kakata

Har in koma ga Allah ba zan manta ranar da na zube katunan kakata a teburin nas ba. Ina aji shida a firamare, shekarun da kuɗin fetur ya shigo gari, babura suka cika Fagge. Kaka tana tuyar waina a zaurenmu tun kafin a haife ni, kullum cikin hayaƙin itace. Tari ya kama ta, har ta kai ba ta iya ƙarasa Fatiha sai ta tsaya ta ja numfashi.

Ni nake raka ta wani ƙaramin asibiti a Sabon Gari. Duk zuwa sai mu tarar da sabuwar fuska da sabon magani. Wannan ya yi allura, wancan ya ba da jan ruwa a kwalba, wani ya ce sanyi ne kawai. Kaina ya ɗaure. A bango kuwa akwai takarda da kalanda ta rufe rabinta. Na sha karanta ta a zuci: idan tari ya daɗe, a duba kaki, a tura mutum babban asibiti. To me ya sa ba a tura mu? Na ɗauka Turancina ne bai kai ba, ban tambayi kowa ba.

Sai daga baya na gane. Kaka ta ɗauka idan magani ya ƙare, kati ma ya ƙare, sai ta yanki sabo. Idan aka ce yaya jiki, sai ta ce da sauƙi, don a wurinta faɗin ciwo rashin godiya ne. Kowa sai ya ɗauke ta mai tarin kwana biyu. Tsofaffin katunan ni nake tarawa a jakar makaranta, don ina son hatiminsu shuɗi.

Ranar, wata nas Bayarabiya muka samu, mai Hausa tas.

"Inna, yaya jiki?"

"Da sauƙi, 'yar nan."

"Wane sauƙi? Tun daga ƙofa nake jin ƙirjinki yana fito kamar buta a wuta. Tun yaushe?"

"Kwana biyu ne."

Sai na zazzage jakar a tebur. Kaka ta mintsine ni: "Ke, tonon asiri kika zo yi?"

Nas ta jera katunan, ta duba kwanakin da ke jikinsu. Ta tashi ta cire kalandar, ta rubuta mana takardar babban asibiti.

A can aka ce hayaƙi ne ya cinye huhun, ba zai koma daidai ba. Aka ɗora ta kan magani ɗaya, kati ɗaya, aka fitar da murhu tsakar gida. Ta rayu har ta ga aurena, tana ƙarasa Fatiharta.

Abin da na koya shi ne, ƙa'idar da ke bango ba ta warkar da kowa sai wani ya tambaya, wani kuma ya faɗi gaskiya. Yau ko jikata na kai asibiti, ba na barin "da sauƙi" ta zama amsar ƙarshe.