Mesar Ratib Mai Guga

Duk wanda ya daɗe a unguwarmu ta Anfushi, a bakin teku, ya san shagon yayana Ratib mai guga, can bayan kasuwar kifi. Yanzu an mai da wurin shagon sayar da rigar waya, yaran da ke ciki ko amsa sallama ba su iya ba.

Ratib bai taɓa tofa wa dutsen guga yawu don ya ji zafinsa ba. Tafin hannu kawai yake kusantarwa, ya ce wannan na siliki ne, wancan sai ya ƙara shan wuta kafin ya hau wandon ɗan sanda. Da hannun nan ya ciyar da mu bayan rasuwar babanmu, da shi ya kai ni har ƙarshen sakandare.

Mesar kuwa ajiya ce. Wani ma'aikacin jirgin ruwa da ke kawo masa guga ya bar masa ita a kwando, wai sai ya dawo daga tafiya. Bai dawo ba. 'Yar ƙarama ce, irin wadda in ta tsorata take dunƙulewa, ba dafi, ba faɗa. Ratib ya sa mata suna Nargis. Matarsa Insaf, Allah ya jiƙanta, ta yi yaji saboda ita zuwa gidan uwarta, ta dawo ta tarar har an haɗa wa Nargis akwatin gilashi.

Da farko ɓeraye masu rai yake ba ta. Wata rana wani ya juyo ya gartsa mata cizo a gefen ido. Daga ranar ya rantse sai daskararru, farare, daga wajen wani mai kiwonsu a kasuwar Juma'a. Yana jera su a gwangwanin halawa, ya tura can ƙuryar firiza.

"Ɓera kusa da naman layyata, Ratib?" in ji Insaf. "Ka ji tsoron Allah."

"Ai ya fi namanki tsafta, Uwar Wagdi. Shi ba a rataye shi a titi ƙuda ya yi walima a kansa ba."

Ranar ciyarwa yakan rufe shago da la'asar. Ya ɗaure ɓeran a leda, ya tsoma a ruwan ɗumi, ya zauna da shayinsa a bakin taga, iskar teku na shigowa da ƙarnin kifi. In ruwan ya yi zafi da yawa, ɓeran ya dahu ya fashe. In aka yi gaggawa, waje ya yi laushi, ciki yana nan da ƙanƙara, ya je ya lalata mata ciki. Shi ya sa yake matsa cikin ɓeran da yatsu biyu, a hankali, kamar mace na zaɓen tumatir. Sai ya kara kan ɓeran kusa da dutsen guga ya ɗauki ɗumi, don da ɗumi take gane abinci, ya riƙe shi da hantsaki yana kaɗa mata. Ni dai in na zo ziyara na tarar ana wannan, a bakin ƙofa nake tsayawa da jakata a hannu. Ɓera ko a hoto ba na so.

Haka suka tsufa tare. Insaf ta rasu, ni ma mijina ya rasu, na dawo gidanmu ina yi wa Ratib girki. A lokacin ciwon sukari ya riga ya kashe masa jijiyoyin yatsu, ba ya jin komai da su. Ya ƙona rigar wani ango, ya ƙona tafin hannunsa bai ji ba sai da ya ji ƙauri, sai ya rufe shagon. Abin da ya rage masa na yi a duniya shi ne Nargis.

Sai ya ba ta ɓeran da cikinsa bai saki ba. Ya matsa, ya rantse ya yi laushi. Bayan kwana biyu ta amayar da shi, ta dunƙule a kusurwa, ta yi makonni ba ta kallon abinci.

Ɗansa Wagdi ya zo wata Juma'a da kwali a hannu, ya ce ya riga ya yi wa wani saurayi alkawarinta, irin masu rataya maciji a wuya suna ɗaukar hoto. Bai tambayi ubansa ba. Ko takalmi bai cire ba.

"Baba, hannunka ya mutu. Kashe ta za ka yi, gara a kai ta inda za a kula da ita."

Ratib ya kalli hannayensa a kan cinyarsa. Ban ce maganar ƙarya ce ba. Amma akwai yadda ake faɗa wa uba gaskiya, ba a tsaye ba, ba da kwali a hammata ba.

"Nasa ya mutu," na ce. "Nawa fa, a kabari ka gan shi?"

"Ke, Gwaggo? Ke da kika hau tebur saboda kyankyaso?"

"Na hau, kuma da kai a goye na hau, marar kunya. Ajiye kwalin nan ka zauna."

Ya zauna yana dariya. Ya ce in ta ci ɓeran da na haɗa mata yau, ya haƙura. In ba ta ci ba, zai tafi da ita.

Na buɗe gwangwanin halawa ina karanta duk addu'ar da na sani. Ratib yana gefe yana ba da umarni kamar da, muryarsa har ta ɗan dawo.

"Sa gwiwar hannu a ruwan, Nabawiyya. Kamar na wankan jariri?"

"Ya ɗan fi."

"Surka."

Muka jira, aka sake ruwa, Wagdi yana ta duba waya. Na ciro ledar, na rufe ido, na matsa. Laushi kamar ɓargo, amma can tsakiya akwai wani ɗan tauri mai sanyi.

"Da saura, Yaya."

"Kin tabbata? Ni da na ce ya yi."

"Ni nake ji ko kai?"

Ya ce, "Ke ce. Mayar da shi."

Sai bayan magariba ya saki gaba ɗaya. Na jona tsohon dutsen gugar Ratib, na ɗumama kan ɓeran, na miƙa masa hantsakin, don kaɗawa kam har lokacin ba wanda ya kai shi. Nargis ta daɗe tana zaro harshe. Ta ɗago kai, ta koma, ta sake ɗagowa. Sai ta kai cafka, ta nannaɗe.

Wagdi ya tashi ya sumbaci kan ubansa, ya fita da kwalinsa ba komai a ciki. Ni kuma na wanke hannu har sabulu ya kusa ƙarewa.

Nargis ba ta bar ɗakin nan ba har Allah ya karɓi ran Ratib. Duk ranar ciyarwa sai mun yi gardama a kan ɓeran, shi yana cewa ya yi, ni ina cewa da saura.